Zakaran da Na Zana

Taga ce tsakanina da su,
'yar taga mai sandar ƙarfe uku,
a asibitin birni, daf da Ƙofar Mata.
Hannu nake gani, ba fuska ba:
hannun lalle, hannun garma,
hannun da ke rawa riƙe da kati.

Shekara tara ina faɗin abu guda:
"Ɗaya sau uku, bayan abinci. Na gaba!"
In yi zane-zanena a bayan ambulan,
rubutun da ni kaina
wataran sai na ƙura masa ido.

Ranar wata Laraba Tabawa ta dawo.
Mota biyu ta hau daga bayan Gezawa,
sannan a-daidaita daga Yankaba,
jikanta Tanimu jingine da cinyarta,
numfashinsa kamar ana jan zarto.
Ta kwance bakin zane, ƙulli cikin ƙulli,
ta fito da ambulan ɗina
a naɗe tsaf kamar laya.
Ƙwaya ashirin da ɗaya na ba ta.
Sha takwas na ƙirga.

"Sau uku ka ce, ɗan nan, sau uku na ba shi:
Lahadi, Litinin, Talata.
Saura na adana don wani ciwon,
magani ai tsada gare shi."

Bakina ya buɗe zai ce jahilci,
kalmar ta maƙale a maƙoshi.
Wannan matar kan dubi gabas
ta ce a kwashe shanya, kuma a yi ruwan.
Ta san ranar da gero zai fid da kai.
Rabin ƙauyensu a tafinta suka faɗo,
da hasken aci-balbal.
Tsakanin ni da ita,
wa ya kasa karanta wani?

Na juya ambulan, na ɗauki biro.
Na zana zakara, asuba ke nan.
Na zana rana a tsakar ka.
Na zana jinjirin wata, na ɗiga masa tauraro.
Ta kawo takardar kusa da ido,
ta nisantar, ta karkata kai.
"Wannan agwagwar fa?"
"Zakara ne, Inna."
"To, shi ma Allah ya ba shi lafiya."
Layi duk ya ɗauka, har mai gadi.

Ban tambaye ta ba, ta biya mini karatu:
"In ya yi cara, ɗaya.
In inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, ɗaya.
In an sallame lisha, ɗaya.
Har su ƙare ƙaf,
ko da ya miƙe yana bin awaki."
Na ce haka ne.
Na cika mata ukun da suka tafi,
ban kira na gaba ba
sai da ta gama ɗaure bakin zane.

Bayan mako biyu, ga hannun nan a taga,
ba kati, ba ambulan.
Igiyar rama ta miƙo mini
da ƙunshin gyaɗa mai gishiri.
"Kowace ƙwaya, ƙulli guda.
Ga nawa rubutun. Karanta."
Na bi da yatsa kamar mai jan carbi,
ashirin da ɗaya cif.
Na sunkuya, karon farko,
na leƙa ta ƙarƙashin ƙarfe.
Ashe tana da wushirya.
Tanimu na can bakin ƙofa
yana cinikin rake.

Igiyar tana nan rataye a sandar tsakiya.
Layina yanzu ya fi na kowa jinkiri,
shugaban sashe ya yi magana sau biyu.
Biro uku na ƙarar a watan nan.
Kafin hannu ya janye nakan ce,
"Faɗa mini yadda za ki ba shi."

Zakaran kuwa, har gobe,
bai daina kama da agwagwa ba.